Sawun Injin Numfashi

Ranar Litinin da safe aka tarar an fasa ɗakin ajiyar ƙungiya, an ɗauke injin numfashi. Ni ban ji labari ba sai wajen ƙarfe tara. Ina cikin juya uwargida zuwa gefen hagu Shugaban ƙungiya ya yi sallama a ƙofa, yana haki, yana dogara sanda.

Ƙungiyar tamu ta aron kayan jinya ce. Wanda ciwo ya kayar a unguwa sai a kai masa gadon asibiti, ko keke, ko sandar dogarawa, in ya warke ko ya rasu a dawo da kayan. Duk 'yan sa kai ne, mai gadi kaɗai ake biya. Shekara biyu da suka wuce wani asusun tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi ya shigo, ya ba mu gadaje goma sha biyu da kekuna da injin numfashi guda ɗaya tal. Ya kuma haɗa mu gini ɗaya da ƙungiyar matasa masu kwashe shara, wai haɗin gwiwa. Kayan ba kyauta ba ne, amana ce. Takardar da aka sa wa hannu ta ce in abu ɗaya ya ɓace za a dakatar da tallafi, a kwashe sauran har a gama bincike. Ga shi jami'ar asusun za ta zo duba kaya ranar Alhamis ƙarfe goma.

Ɗaya daga gadajen nan shi ne uwargida take kai. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinta ya shanye. Shekarar farko a katifa ta yi ta a ƙasa, bayanta ya yi gyambo har na daina kallo in ina wankewa. Gadon ne ya rufe gyambon, don yana da hannu, kana murzawa yana ɗaga ta zaune.

Shugaba ya ce ba ya son 'yan sanda, don takardarsu sai ta kai kunnen asusun. Ya ce ni kaɗai suke da shi. Na tuna masa na daɗe da barin bin sawu, shanun da na bi da ɓarayinsu duk sun mutu. Bai yi musu ba, sai ya tsaya yana kallon gadon. Na sa takalmina.

Ya kamata in ce tsoro ya kama ni, amma ƙarya zan yi. Tun da ciwon nan ya shigo gidana zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Na san tana nan, in na taɓa ba na ji.

*

Kafin in isa rabin unguwa ta riga ni, kowa da ɓarawonsa a baki. Mata suka ce mai gadi ne. Tsofaffi suka ce yaran shara ne, dama tun da aka haɗa mu da su cokali ma ɓata yake. Yaran shara suka ce a tambayi masu riƙe da makulli. Duk suna wannan shari'a ne a tsaye a kan ƙasar da nake so in karanta, sun tattake ta kamar filin ƙwallo. Na roƙe su su matsa, suka matsa zuwa inda ban riga na duba ba.

Kwaɗon ƙofar yana ƙasa. Na ɗauka na juya shi. An dake shi sau bakwai ko takwas kafin ya buɗe, rabin dukan ma a katako ya sauka. Wanda ya san sana'arsa sau ɗaya yake yi. A ciki kwamfutar Sakatariya tana kan tebur ba a taɓa ta ba, sababbin kekuna a jere cikin ledarsu. Injin kaɗai aka ɗauka, da doguwar wayar wuta, da ƙunshin bututun hanci.

A bango akwai wani tsohon allo da ƙusoshi, kowace ƙusa da ɗan katako a rataye, an rubuta sunan kaya a jiki. Duk suna kallon ɗaki, sai ɗaya da ya juya ya kalli bango. Na juyo shi, na ga na injin ne. Sakatariya, wata yarinya mai kaifin baki da ta gama karatu bara, ta ce kar in ɓata lokacina.

"Baba, allon nan ado ne kawai. Tun da asusu ya zo komai a kwamfuta muke sawa. Iska ce ta juya shi."

Ɗakin ba shi da taga.

An yi ruwa ranar Lahadi da azahar, wannan ya taimake ni. A gefen gini, inda ƙafar jama'a ba ta kai ba, na sami sawu: takalmin roba mai shafaffen ƙasa, ƙaramar ƙafa, dunduniya na nutsewa saboda nauyi. Bayan taku goma sha biyu sai ga ramuka huɗu ƙanana a murabba'i, tayoyin injin ke nan, an ajiye an huta. Taku goma sha biyu, a sake ajiyewa. Ko sau ɗaya ba a kwantar da shi a gefe ba, ba a kuma ja shi cikin laka ba. Haka na bi har bakin babban titi, kwalta ta haɗiye sawun.

*

Mai gadi na fara kira. Kafin in buɗe baki ya fara rantsuwa, kafin in rufe ya fara kuka. Da ƙyar na gane abin da yake ɓoyewa: duk Lahadi da la'asar yana sulalewa ya je wankin mota, ya dawo bayan magariba. Ranar ma da ya dawo bai zagaya ya duba ƙofar ba. Ya roƙe ni kar in gaya wa Shugaba. Na kalli ƙafarsa, takalminsa zai ɗauki ƙafata biyu. Na ce ya je ya wanke fuska.

Shugaban matasa, wanda ake ce wa Dogo, bai jira na kira shi ba, shi ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce ya san abin da ake faɗa. Ya ce tun ranar da aka haɗa su da mu ake kallonsu kamar sun shigo da wari, an ba su lungu kusa da banɗaki, hoton asusu kuma kullum tsofaffi ne a gaba. Duk gaskiya ya faɗa. Na tambaye shi inda yaransa suke ranar Lahadi, ya ce suna yashe kwata bayan ruwa, mutum hamsin sun gan su.

"Kuma Baba, baro shida gare mu. In mu ne, sai mu rungumi injin a ƙirji muna ajiyewa kamar mai ciki?"

Na ce wa ya gaya masa an rungume shi. Ya ce shi ma yana da ido, ya bi bayana ya gani. Na so in yi dariya, ba ta zo ba.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa na bayan kasuwa ya cinye min sauran yinin. Wani ya rantse ya ga farin akwati a shagonsa. Na je, ya zazzage min buhuna har uku yana zagin wanda ya turo ni. Farin akwatin tsohon injin wanki ne.

Da yamma na haɗu da Sista a bakin ofis. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi ritaya ta dawo tana koya wa 'yan sa kai yadda ake juya majinyaci. Ita ta koya mini. Ta tambayi jikin uwargida, ta ciro man shafawa daga jaka ta ba ni. Na tambaye ta inda take ranar Lahadi, ta ce zagayen marasa lafiya kamar kullum. Takalmin fata ne a ƙafarta, sabo, yana cin ta a dunduniya.

*

Talata ban fita da wuri ba. Na yi wa uwargida wanka, na canza zanin gado, na murza hannun gadon ta zauna. Ina ba ta abinci ina ba ta labari, don likita ya ce a riƙa yi mata hira. Yawanci ni kaɗai nake magana. Ita ce fa da can ba a jin muryar kowa in tana ɗaki, tana cikin mutum huɗu da suka kafa ƙungiyar da keke ɗaya na aro.

Da na zo kan katakon da ya kalli bango sai ta ƙi karɓar cokali. Bakinta ya yi ta motsi. Na jira, don na koyi jira.

"Ya... fita... aro," in ji ta.

Na sa ta maimaita. A hankali, kalma ɗaya ɗaya, ta fahimtar da ni. Kafin kwamfuta, kafin takardu, haka suke yi: in ka fitar da kaya zuwa gidan majinyaci sai ka juya katakonsa ya kalli bango, don na bayanka ya san ba ɓata ya yi ba. Shekara goma sha biyar suna yi, har hannu ya saba yana yi ba da sanin mai shi ba.

Ɓarawo ba ya barin saƙo cewa kaya ya fita aro. Mutum huɗu suka san wannan. Ɗaya ya rasu, ɗaya tana gabana miyau na zubo mata. Na uku Shugaba ne, ba ya taku uku ba sanda, ni kuma ban ga ramin sanda a laka ba. Saura ta huɗu, Sista.

Na goge mata baki. Ta kama hannun rigata da hannunta mai lafiya, tana kallona. Na san tambayar da take yi, na yi kamar ban gane ba.

*

Laraba da safe na tsallaka babban titi. A taswirar asusun nan ne iyakarmu, jan layi ya bi ta tsakiyar kwalta. Wanda ke wancan gefen ba namu ba ne, ko da kana jin tarinsa daga ofis.

Kwana uku sun wuce, ƙafafu sun bi, amma mai ajiye kaya duk taku goma sha biyu ba a tsakiyar hanya yake ajiyewa ba, gefe yake raɓawa. Na sami ramuka huɗun a gindin wata katanga, na sake samunsu kusa da famfo. Na uku a bakin wani lungu ne bayan shagon aski. Daga tagar shagon wata doguwar waya ta fito ta bi bango ta shiga wani ɗaki. Tun kafin in kai ƙofa na ji ƙugin injin.

Na yi sallama, wata mata ta ɗaga labule. Ɗaki ɗaya ne, da katifa, da bokiti, da injin a tsaye a kan kwali don kar ƙura ta shige shi. Mutumin da ke kwance ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Mai Amalanke ne. Shekaru yana ɗaukar wa ƙungiya kaya kyauta, shi ya turo gadon uwargida har ƙofata, ya taya ni haɗa shi, ya ƙi ko shan ruwa. Bara haya ta kore shi ya koma wancan gefen da 'yarsa. Ban taɓa tambayar inda ya shiga ba.

Ya janye bututun kaɗan daga hanci.

"Mai Sawu. Gadon... yana murzuwa?"

Na ce yana murzuwa. Ya ce in riƙa ɗiga masa mai a gindin hannun. 'Yar tasa, wadda ta ɗaga labule, ta mayar masa da bututun.

Ina fitowa na ci karo da Sista a lungu, riƙe da leda. Ba ta firgita ba. Ta ce dama ta san ni za a kira. Asibiti sun sallamo shi, sun ce huhun ya gama, a nema masa iska a gida. Ta cika takardar aro, kwamfuta ta ƙi karɓar adireshin. Ta je wa Shugaba sau biyu, ya ce doka ce, in asusu ya ji an kai kaya waje za a ce mun karya alkawari. Injin kuwa wata huɗu yana zaune cikin leda. Sai ta yi tunanin in sata ce ba laifin ƙungiya ba ne, za a yi haƙuri. Makulli na cikin jakarta, amma ta ɗauki guduma. Ba ta san sharaɗin kwashe kaya ba, ba ta taɓa karanta takardar ba.

Na gaya mata sharaɗin. Ta jingina da bango.

"Yanzu me za ka ce musu?"

"Abin da na gani."

"Ka ga shi ma ai."

Na ce na gan shi.

*

Da la'asar Shugaba ya tara mu a ɗakin ajiya: shi, da Sakatariya, da Dogo, da mai gadi, da Sista, da ni. Jama'a na waje suna leƙe ta ƙofa. Na fara da wanke mai gadi, ban ambaci wankin mota ba. Na wanke Dogo da yaransa. Na faɗi yadda aka daki kwaɗo, da ƙaramar ƙafa, da hutun taku goma sha biyu. Sannan na je allo na taɓa katakon, na tambayi Shugaba ko ya tuna abin da ake nufi in ya kalli bango.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya juya ya kalli Sista, ya zauna a kan keken majinyata.

"Ni ce," in ji ta. "Yana wajen Mai Amalanke. A kansa yake numfashi."

Na zata za a yi hayaniya, ba a yi ba. Dogo ya ce ashe ba yaran shara ba ne, ya so ya ƙara, ya fasa. Sakatariya ta ce a kira jami'ar a gaya mata gaskiya. Shugaba ya ce ba ta san mutanen asusun nan ba. Ya ce gida goma sha biyu ke kan gadajen nan, in aka zo da mota aka kwashe, ita za ta je ta sauke su ƙasa? Yana faɗa yana kallona. Kowa ya kalle ni.

Ni na kawo shawarar, ba wani ba. Na ce dubawa ai ba ta wuce awa ɗaya. A ɗauko injin ƙarfe tara, a goge shi, jami'a ta gani ƙarfe goma, kafin sha biyu ya koma. Sista ta ce akwai wani mai kemis da zai ara mata ƙaramar tukunyar iska, amma ba ta wuce awa uku, in an yi tattali huɗu. Na ce ya isa. Ta ce mutum ba agogo ba ne. Shugaba ya ce a ɗaga hannu. Ni na fara ɗagawa.

*

Alhamis ni na je na ɗauko injin, Dogo ya ara mini baro. Mai Amalanke yana barci lokacin da Sista ta canza masa bututu zuwa tukunya. 'Yarsa ta naɗe mini wayar da kyau, har ta yi mini godiya, don an gaya mata gyara za a kai shi.

Ƙarfe tara da rabi injin na kan tebur yana sheƙi. An sa sabon kwaɗo, an share ɗaki, yaran shara sun sa riguna masu tambarin asusu. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Sha biyu saura jami'ar ta aiko saƙo, an riƙe ta a wata ƙungiya, tana hanya.

Ƙarfe ɗaya Sista ta kira Shugaba a waya. Na ji yana cewa minti goma, ta kusa. Ƙarfe biyu ta kira ni. Ta ce allurar tukunya ta kwanta a ja, ta buɗe taga, suna yi masa fifita. Ina zaune kusa da injin, gwiwata na taɓa shi, baro na bakin ƙofa. Daga nan zuwa lungun bai kai tafiyar minti goma ba. Na ce mata ga mota can na hango. Ba mota na hango ba. Na kashe wayar na sa a aljihu, na ci gaba da zama. Ban ji tausayi ba, ban ji kunya ba. Bayan uwargida kawai nake gani, yadda yake a shekarar farko.

Uku da rabi ta iso. Yarinya ce mai fara'a, ta gaji, ta ba da haƙuri har sau uku. Ta ƙirga kekuna, ta duba lambar injin, ta kunna shi ta ji ƙuginsa, ta ce da duk ƙungiyoyi haka suke riƙe amana da ta huta. Ta ce a tsaya a yi hoto, wannan karon matasa a gaba. An sa ni a gefe, hannuna a kan injin.

Tana haɗa takardunta Sakatariya ta tambaye ta, kamar da wasa, in wani na can tsallaken titi yana bukatar injin fa.

"Ai kira ɗaya ne," in ji ta. "In rai ne, a waya ma nake amincewa, takarda ta biyo baya. Jan layin nan na taswira don rahoto ne. Akwai wani ne?"

Shugaba yana kallon kan sandarsa. Ta ce to, in ya taso a kira ta, ta shiga mota.

*

Ban jira motar ta fita layi ba na ɗora injin a baro. Na tsallaka titi, na wuce katanga, na wuce famfo. A bakin lungun na tsaya, don ido ya saba, ƙasa yake fara kallo.

Da safe sawu uku ne a nan, nawa da na Sista da na 'yar. Yanzu sun fi ashirin, manya da ƙanana, duk sun shiga, ba wanda ya fito. Ba mai gudu a cikinsu, takun masu ta'aziyya ne. Mai aski ya rufe shago da rana tsaka.

Na ajiye baron a gindin bango. Ban shiga ba. Sista ta fito riƙe da tukunyar, ta kalli injin, ta kalle ni, ta raɓa ta wuce.

Na mayar da injin ofis, mai gadi ya kulle. Da na isa gida maƙwabciyar da ta zauna da uwargida ta tashi ta tafi. Uwargida ta zame ƙasa-ƙasa a gadon, wuyanta ya karkace. Na gyara mata matashi. Bakinta ya fara motsi, na jira.

"An... bar... mana?"

"An bar mana," na ce.

Na durƙusa na kama hannun gadon na murza, ya ɗaga ta zaune.